Daga ruwan bayan majinyaci zuwa kwalbar allura: yadda ake samo rigakafin mutane da na bisashe

Duk shekara idan hunturu ya ja baya, iska ta ɗauko ƙura, zafi ya fara kunno kai, tambaya guda ce ke yawan iso mana daga masu saurare, tun daga Matankari har Gesheme: ashe ba an yi mana allurar sanƙarau ba, to ta yaya ciwon ya sake dawowa? Makiyaya ma suna da irin tasu. Suna cewa me ya sa saniya sai an yi mata allurar ciwon huhu kowace shekara, alhali dattawa sun shaida ta bushiya sau guda ake yi, shi ke nan har dabba ta tsufa? Amsar tambayoyin nan biyu tana wuri ɗaya, wato ga yadda ake binciken allurar rigakafi tun daga tushe. Lokacin shiri ba ya isa a warware zancen, shi ya sa munka kawo shi nan.

Mu fara da sanƙarau, tun da shi munka fi sani a Arewa. Ƙwayar cutar da ke haddasa annobarsa tana zaune ne cikin maƙogwaron mutane. Da yawa daga cikinmu na ɗauke da ita ba tare da ko ciwon kai ba. Sai lokacin rani, idan busasshiyar iska da ƙura sunka kankare hanci da maƙogwaro, take samun ƙofa ta shiga jini, ta haura har ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Shi ya sa da ruwan farko ya sauka sai a ga ciwon ya lafa. Ita wannan ƙwaya tana da wata riga ta sinadari mai kama da sukari, kuma rigar ce garkuwar jikin mutum ke ganewa. To amma rigar ba iri ɗaya ba ce. Masana sun ba su haruffa: akwai A, akwai C, da W, da X, da Y. Allurar rigakafi aikinta ta nuna ma jiki rigar tun kafin mai rigar ya zo, don ranar da ya zo a gane shi tun daga nesa. Jikin da anka nuna ma rigar A, idan mai rigar C ya shigo, baƙo ne gare shi, sai ya bar shi ya wuce.

Shekaru da dama mai rigar A ne ke yi mana ɓarna. Tsakanin 1996 da 1997 kaɗai, mutum sama da 250,000 sunka kamu a ƙasashen Sahel, sama da 25,000 sunka rasu. Allura kuwa akwai ta a lokacin, sai dai tsohuwar ƙira ce: ba ta kama jikin yaron da bai kai shekara biyu ba yadda ya kamata, ƙarfinta na gushewa cikin shekara biyu zuwa uku, kuma ba ta korar ƙwayar daga maƙogwaro. Don haka ba a yin ta sai annoba ta riga ta tashi, a yi ta gudu ana bin ta a baya, kamar mai kashe gobara da tulu.

Bayan wannan musiba ne, a 2001, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, da wata ƙungiya mai suna PATH sunka kafa aikin neman sabuwar allura musamman domin Sahel, da tallafin dala miliyan 70 na Amurka daga gidauniyar Bill Gates da matarsa. Abin da ya burge mu a tarihin wannan aiki shi ne, kafin a taɓa kwalba ko guda, sai da anka zagaya ana tambayar hukumomin lafiya na ƙasashenmu nawa za su iya biya. Masu aikin sun sha faɗin cewa a Yamai ne wani babban jami'in ma'aikatar lafiya ya nuna musu cewa allurar da ƙasa ba ta iya saye, gara ma babu ita. Daga irin waɗannan shawarwari anka tsai da farashi: kada allura guda ta wuce rabin dalar Amurka. Manyan kamfanonin Turai da Amurka ba su ga riba ba a wannan farashi. Sai wani kamfanin ƙasar Indiya, Serum Institute da ke birnin Pune, ya amsa. Sinadarin rigar anka fara samo shi daga Holan, dabarar haɗawa kuma daga wani ɗakin bincike na gwamnatin Amurka.

Dabarar ita ce a ɗaure rigar sukarin nan ga wani sinadari da jiki ke saurin lura da shi, wanda ake amfani da shi a allurar tetanos. Idan an haɗa su, jikin jinjiri ma yana koyo, ya kuma riƙe karatun shekaru masu yawa, sannan ƙwayar ba ta samun wurin zama a maƙogwaro, ta yadda wanda ba a yi ma allurar ba shi ma yana cin albarkacin maƙwabcinsa. An fara gwada ta ga manya a Indiya a 2005, sannan ga yara a Mali da Gambiya, daga baya Senegal da Gana. A watan Disamba na 2010 anka ƙaddamar da ita da sunan MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, kuma kafin ƙarshen 2011 an kewaye ƙasarmu ana yi ma ƴan shekara 1 zuwa 29. Sakamakon ya wuce yadda masu aikin kansu sunka zata. Tun 2017 ba a sake tabbatar da ko mutum guda da ya kamu da nau'in A ba a duk faɗin Sahel.

To sai ga 2015. Waɗanda ke Dogon Dutsi a wannan shekara ba sai an tuna musu ba. Tun 2013 wani sabon nau'in mai rigar C ya ɓulla a jihar Sakkwato, a 2014 ya taɓa Kabi, kuma kowa ya san tsakaninmu da su babu wata iyaka da ƙwayar cuta ta sani: kasuwa ɗaya, aure ɗaya, zumunta ɗaya. Da ranin 2015 ya shigo jahar Doso, Dutsi da Gaya na cikin gundumomin da sunka fi jin jiki, sannan ya mamaye Yamai har sai da anka rufe makarantu na ƴan kwanaki a watan Afrilu. Mutum sama da 8,000 sunka kamu a ƙasar, sama da 500 sunka riga mu gidan gaskiya. Allurar 2011 ba ta lalace ba, aikinta take yi, sai dai wanga baƙo da wata riga ya zo. Da masana sunka tona asalinsa daga baya, sun gano ƙwaya ce da ke zaune a maƙogwaro ba ta cutar da kowa, sai ta aro kayan yin riga daga wata ƴar'uwarta, ta rikiɗe ta zama mai kisa.

Ta yaya anka san C ce ba A ba? Nan ne aikin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Idan an kai mara lafiya CSI ko babban asibitin gunduma da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ma'aikacin lafiya kan soka allura a gadon baya ya ɗebi ruwa kaɗan. Mun san mutane da yawa na tsoron wannan ɗiba, har wasu na cewa ita ke gurgunta yaro, alhali ciwon ne da kansa ke barin kurumta ko shanyewar gaɓa idan anka yi jinkirin magani. Wannan ɗan ruwa shi ake aikawa Yamai, cibiyar binciken lafiya ta CERMES, wadda ita ce ke da alhakin tantance sanƙarau a ƙasa. A can ake karanta harafin. Haka sunka gano annobar nau'in X a 2006, lokacin da babu wata allura a duniya da ke maganinsa. Idan ba a ɗebi ruwan ba, hukuma na iya yin odar allurar da ba ta dace ba, a ɓata kuɗi, a ɓata mako uku, mutane na mutuwa. Bayan annobar 2015 ma, masu bincike na cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitocin MSF sun bi gida gida a gundumar Dutsi, sunka tabbatar cewa wanda ke gida ɗaya da majinyaci ya fi sauran jama'a haɗarin kamuwa nesa ba kusa ba.

Wani abin da 2015 ta tona shi ne ƙarancin allurar kanta. Ajiyar duniya ta allura mai ɗauke da C ba ta isa ba, mutane sunka ruɗe, masu son banza kuma sunka samu kasuwa. A watan Mayu na shekarar sai da OMS ta fitar da gargaɗi cewa akwai jabun allurar sanƙarau na yawo a Nijar. Mu dai a nan ba mu gajiya da faɗi: allurar da anka ciro daga jaka a kasuwa ko a tasha, ko da kwalinta na ƙyalli, ba allura ba ce.

Haruffan da ake tarawa shekara da shekaru su sunka nuna ma masu bincike abin da ya kamata su haɗa. Kamfanin nan na Indiya da PATH sun shafe shekara 13 suna aikin allura guda mai riguna biyar, A da C da W da Y da X. An gwada ta ga mutum 1,800 ƴan shekara 2 zuwa 29 a Mali da Gambiya, OMS ta amince da ita a watan Yuli na 2023, Najeriya ta fara amfani da ita a watan Maris na 2024, Nijar ta biyo a Yamai a watan Mayu na wannan shekarar. Ana kiranta Men5CV ko MenFive, kuma ita ce ta farko da ke tare nau'in X.

Kalmar gwaji tana tayar ma mutane da hankali, kuma ba mu ga laifinsu ba. Ba a manta da Kano ba, inda a annobar 1996 kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan cikin wani bincike da ya shafi yara wajen 200, yara 11 sunka rasu, iyaye sunka ce ba a yi musu bayani ba, anka yi ta shari'a har zuwa sulhun 2009. Wancan maganin warkarwa ne, ba allurar rigakafi ba, amma tabon da ya bari ya shafi har ɗigon shan inna a 2003. Saboda haka yana da kyau a san yadda gwaji na ƙa'ida yake. Ana farawa ne a ɗakin bincike da ƙananan dabbobi. Idan an ga alamar nasara, sai a gwada ga manya ƴan ƙalilan masu lafiya da sunka yarda da kansu, don a ga ko akwai illa. Sannan ɗaruruwa, don a san yawan da ya dace. Sai a ƙarshe dubbai. Kowane mataki sai kwamitin ɗa'a na ƙasa ya duba ya sa hannu, kuma dole a yi ma mutum bayani da harshen da yake ji, ya yarda ko ya ƙi, kuma ƙin nasa ba ya hana a yi masa magani a likita.

Irin wannan babban gwaji an yi shi a ƙasarmu, a Madarunfa ta jahar Maraɗi, daga 2014. Cutar da ake nema ma rigakafi ita ce rota, mai sa jarirai zawo da amai har ruwan jiki ya ƙare. Akwai ɗigon rigakafinta tun da can, amma yana son firiji daga masana'anta har bakin jariri, ga shi da tsada. Sai anka samo wani mai jure zafi na tsawon watanni. Ma'aikatar lafiya da Epicentre sunka bi jarirai sama da 3,500. Ƙuri'a ce ke raba su biyu: rabi a ba su ɗigon gaske, rabi a ba su mai kama da shi wanda babu komai ciki, a mako na 6 da na 10 da na 14, kuma uwa ba ta sani ba, mai ɗigawar ma bai sani ba, don kada son zuciya ya shiga lissafi. Duk jaririn da ya yi zawo, ko daga wane ɓangare, ana yi masa magani kyauta. Da anka buɗe lissafi, zawo mai tsanani na rota ya kama 31 a ɓangaren ɗigon gaske, 87 a ɗaya ɓangaren. Ma'ana cikin yara uku da za su kwanta, biyu sun tsira. An bayyana sakamakon a 2017, OMS ta amince da ɗigon a 2018 da sunan Rotasiil, yau ƙasashe da dama na amfani da abin da matan Madarunfa sunka taimaka anka tabbatar.

Biyu cikin uku ba duka ba ne, kuma gara a faɗi haka ƙarara. Allurar zazzaɓin cizon sauro da anka ƙaddamar a Gaya a watan Satumba na 2024 ma haka take. An fara bincikenta tun 1987, sai 2021 OMS ta ba da shawarar amfani da ita, kuma rage yawan kamu da tsananinsa take yi. Gidan sauro da maganin da ake raba ma yara da damina suna nan daram.

Yanzu mu koma garke. Wanda ya raba likitan mutane da na bisashe a wannan fanni bai san tarihinsa ba. Allurar farko a duniya, ta agana a 1796, daga ƙurajen nonon saniya anka samo ta a Ingila. Louis Pasteur na Faransa da kaji ya fara, sannan tumaki da ciwon saifa a 1881, kafin ya yi ma yaron da mahaukacin kare ya ciza allura a 1885. BCG ɗin nan da ke barin tabo a hannun jariranmu, daga ƙwayar tarin shanu anka raunana ta, kuma ɗaya daga cikin mutum biyun da sunka yi ta likitan dabbobi ne. Ƙyanda da bushiya ma ƴan ɗaki ɗaya ne.

Bushiya ta share garkunan Sahel a wajajen 1890, har kakanni na ba da labarin masu shanu ɗari da sunka wayi gari da sanda kaɗai. Wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Walter Plowright, shi ya raunana ƙwayar a Kenya a ƙarshen shekarun 1950, ya samo allurar da sau guda ta isa dabba har ƙarshen ranta. A 1962 anka fara gangamin haɗin gwiwa a Nijar da Najeriya da Kamaru da Chadi, ana huda kunnen duk saniyar da anka yi ma. Ciwon ya yi ƙasa ƙwarai, sai anka saki jiki, ya dawo da ƙarfi a farkon shekarun 1980. Matsalar ita ce allurar na mutuwa idan ta ji zafi, shanun kuma suna can inda ƙanƙara ba ta kaiwa. Masu bincike na jami'ar Tufts ta Amurka sunka sauya yadda ake busar da ita har ta iya yin wata guda babu firiji, kuma a cikin garkunan Nijar anka gwada ta a fili, sakamakon ya fito a 1990. Da wannan ne ma'aikaci kan raƙumi ko keke ya iya kai ta rugar da mota ba ta zuwa. A 2011 anka shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya, cuta ta biyu ke nan bayan agana. Wannan darasi na zafi ya ƙetaro wajen mutane: a 2012, a Banikoara ta ƙasar Benin, anka fara yawo da MenAfriVac har kwana huɗu ba tare da ƙanƙara ba.

Ciwon huhun shanu bai ba da kai haka ba. Ƙwayarsa wata iri ce dabam, allurar da ake da ita kuma tsohuwa ce, tushenta tun shekarun 1950, kariyarta ba ta cika wuce shekara ba, wani lokaci ma wurin da anka soka kan kumbura. Masu bincike a Kenya da Faransa da wasu wurare na neman wadda ta fi ta, amma har yanzu ita ce a hannu. Dalili ke nan gangamin da gwamnati ke yi kyauta ke dawowa duk shekara, kuma garken da ya tsallake shekara guda ya koma kamar ba a taɓa yi masa ba. Ta annobar awaki da tumaki, wadda ma'aikatan kiwo ke kira PPR, mai sa majina da kwantsa da gyambon baki da zawo, ta fi ƙarko, tana riƙe dabba shekaru. Ƙwayar da anka yi ta da ita daga Najeriya anka samo ta a 1975, wani masani mai suna Adama Diallo da abokan aikinsa sunka raunana ta a 1989. Burin duniya shi ne a gama da PPR kafin 2030. Wasu daga cikin alluran nan a Yamai ake yin su, a cibiyar LABOCEL, kamar yadda maƙwabtanmu ke da tasu a Vom kusa da Jos tun 1924.

Inda mutum da dabba sunka fi haɗuwa a binciken yau shi ne zazzaɓin da ake kira Rift, sunan wani kwari a Kenya inda anka fara gane shi. A 2016 ya ɓulla a jahar Tawa, wajajen Cintabaraden da Tasara, wajen mutum 30 sunka rasu, akasarinsu makiyaya. Sauro ke yaɗa shi tsakanin bisashe bayan ruwa mai yawa, mutum kuma ya fi ɗauka wajen yanka, fiɗa, taimaka ma dabba haihuwa ko shan ɗanyen nono. Na bisashe akwai allura, ko da yake wata kan sa mai ciki ɓari. Na mutane kuwa babu wadda anka amince da ita tukuna. Jami'ar Oxford ta Ingila da masu bincike na Kenya suna aikin allura guda da za ta yi ma mutum da dabba, da irin dabarar da anka yi allurar korona ta AstraZeneca. An gwada ta ga tumaki da awaki da shanu da raƙuma, an yi matakin farko ga mutane a Ingila da Yuganda, a 2025 kuma anka shiga mataki na biyu da mutum 240 a Kilifi ta bakin tekun Kenya.

Bisashenmu na Dallol Mauri suna haurawa arewa da damina, suna gangarowa da kaka, suna cuɗanya da na Tawa a mashaya da kasuwanni. Alamar farko ta wannan zazzaɓi a garke take fitowa, makonni kafin mutum ya kwanta: tumaki da awaki su yi ta ɓari a jere, ƴan raguna na mutuwa kwana ɗaya ko biyu da fara ciwo. Wanda ya ga haka a Dogon Kirya ko Sukukutan ko Dumega, kada ya taɓa abin da anka ɓarar da hannu tsirara, kada a yanka mai ciwon a raba nama, a sanar da ma'aikacin kiwo na komin tun ranar, don ya ɗebi jini ya aika Yamai.